Wankin Inji a Illela: Daga Zamanin Fijo Zuwa Zamanin Mota Mai Ƙwaƙwalwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a hankali.

Yau tarihi za mu yi, amma ba na sarakuna ba. Tarihin bokitin ruwa ne da injin mota. Na san wani zai ce, to shi wankin inji har wani tarihi gare shi? Ku dai biyo ni. In kana da mota, ko a gidanku akwai wanda da mota yake ciyar da iyali, wannan hira za ta iya tsare muku kuɗi masu yawa.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko maganar.

Ɗan kawuna direba ne, Sakkwato zuwa Illela yake yi. Ya daɗe yana tuƙa motar mutane kafin ya samu tasa, Fijo 406 'yar Kwatano. Adashe ya ɗauka, aka sayar da bijimin gida aka cika masa. Ana jajibirin wata Babbar Sallah ya sauke fasinja, ya wuce wajen wankin mota kai tsaye, inji na tururi. Ya ce wa yaron a wanke har inji, gobe Sallah. Yaro ya ɗaga bonet, ya watsa ruwan omo, ya ɗauko injin feshi ya bi ko'ina lungu-lungu. Inji ya fito fes kamar sabo. Mota ta tashi da ɗan kakkarwa, aka ce ruwa ne, zai bushe. Ta kuwa daidaita. Bayan kamar mako uku ta fara shaƙewa, wuta ta kama a dashbod, ran nan kuma ta mutu murus kusa da Gwadabawa bayan magariba, da fasinja cike. Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ya san mutuwar mota a hanya da dare ba maganar kuɗin gyara kaɗai ba ce.

Da mai wayarin ya zare soket ɗin biren-bos, wato ƙwaƙwalwar motar, sai ga haƙoran ciki sun yi kore shar. Ruwan Sallah ne ya kwanta a ciki yana ci a hankali. Kasuwar Lahadi biyu ta wuce shi mota na gareji.

Da labari ya kai wa kawu, tsohon direba ne shi ma, cewa ya yi: "Mu shekara nawa muna wankin inji da bokiti, mi ya same mu? Motocin yanzu ne ba su da ƙwari." Na yi ta juya wannan magana. Kawu bai yi ƙarya ba, sun yi ta wankewa lafiya. Amma ba ƙwari ne ya ragu ba. Inji ne ya canza, abin wankin ma ya canza, mu kuma muka riƙe al'adar da muka gada. Wannan shi ne tarihin.

Mu fara da garin kansa. Illela na arewa da birnin Sakkwato da kamar kilomita 85, ka bi ta Kware da Gwadabawa. Nan ne babbar hanyar A1, wadda ta taso tun daga Legas, take ƙarewa a bakin iyaka. Ka ƙetara 'yan kilomitoci kaɗan kana Birnin Ƙonni ta jihar Tawa a Nijar. Mutane ɗaya ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Ingila da Faransa ne suka ja layin a kan takarda, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Kasuwar Illela Lahadi take ci, ta Ƙonni kuma Laraba, kuma tun kafin mota jakai da raƙuma ke haɗa su.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe: jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Ya iso Kano a 1911, reshen yamma kuma ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Saboda haka duk abin da zai motsa daga nan zuwa gaba, shanu ne, gero ne, albasa ce, mutane ne, in ba dabba ba to taya ce. Shi ya sa a wannan yanki direba da bakanike ba ƙananan mutane ba ne.

Abu na uku, ƙura. Hazon hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, mafi yawansa daga wani tsohon kwarin tafki yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele. Ƙura ce mai laushi kamar garin fulawa, babu ramin da ba ta shiga. In ta haɗu da ɗigon baƙin mai a jikin inji sai ta zama kamar kwalta. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Don haka wankin inji a wajenmu ba gayu ba ne kawai. Ƙura na toshe ramukan lagireto mota ta riƙa zafi, dattin mai na ɓoye inda yake yoyo, yana cin roba, kuma in ya taru kusa da salansa yana iya kama wuta. Wankin yana da dalili. Yadda ake yin sa ne abin dubawa.

To yanzu mu buɗe bonet mu koma baya.

Injin fetur ba ya tashi sai da tartsatsi. Tun farkon mota wannan ne ciwon kan masu ƙira. A 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da magneto mai ƙarfin wuta, wanda ke ba fulogi tartsatsi ba tare da batir ba. A Amurka kuma wani injiniya, Charles Kettering, ya haɗa tsarin batir da koyil da distiributa, aka sa a motar Cadillac a 1910. Bayan shekara biyu, a 1912, ya kawo kik na lantarki, aka fara hutawa da murɗa handul. Wannan tsari na Kettering ya yi sama da shekara sittin yana mulki a motocin duniya, kuma shi ne kawu ya tarar.

Yadda yake aiki ba wuya. Batir na ba da wuta bolt 12. Koyil ya ɗaga ta zuwa bolt dubbai, har wajen 20,000. Distiributa ya rarraba ta ga fulogai bi da bi. Mai kuma kafireto ke auna shi, shi kuwa babu ruwansa da lantarki, iska ce ke jan fetur ta ƙananan ramuka. Ka ƙirga kayan wutar da ke cikin irin wannan inji da yatsun hannu: batir, koyil, distiributa da kwantak ɗinsa, wayoyin fulogi, abin caji, kik. Shi ke nan. Ko altaneta da muka saba da ita sai a 1960 kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocin kasuwa, a da dainamo ne.

Motar da ta kawo wannan inji kowane lungu na Arewa ita ce Fijo. An fito da 504 a Faransa a 1968. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, ta koma tuƙi a dama irin na maƙwabtanta masu Faransanci, abin da ya sauƙaƙa wa direban iyaka ƙwarai. A 1975 kuma masana'antar Fijo ta Kaduna, PAN, ta fara haɗa motoci. Daga nan 404 a-kori-kura da 504 doguwa suka cika tashoshi. Sai da aka daina ƙera 504 a Turai da daɗewa Kaduna na ci gaba da haɗa ta, har cikin shekarun 2000.

Ina yaro na sha raka kawu wanki ranar Asabar da yamma, don gobe kasuwa. Sai inji ya huce tukuna, ba don ya karanta a littafi ba, don kar hannunsa ya ƙone. Ya ɗaura leda a kan distiributa, ya shafa kananzir ko man gas da buroshi, ya bi da bokiti yana zubawa da gwangwani. In an gama mota ta ƙi tashi, ba ya ko damuwa. Ya ɓalle marfin distiributa, ya goge da tsumma, ya ajiye a rana, ya sha shayi, ya mayar. Sai ka ji ta kama.

Ku lura da abu uku a nan. Na farko, wuraren da ruwa zai yi ɓarna kaɗan ne, kuma kowa ya san su. Na biyu, ɓarnar nan take take bayyana, kuma rana na maganinta. Ruwa ya ba wuta gajeriyar hanya ta tsere kafin ta kai fulogi, in ya bushe magana ta ƙare. Na uku, ruwan bokiti ba shi da ƙarfi, zuba kawai yake yi ya gangara. Wannan ne ya haifi imanin da muke da shi har yau, cewa ruwa ba ya yi wa inji komai, zai bushe.

Amma a daidai lokacin da Fijo ke mulki a nan, can Turai da Amurka wani abu na faruwa. Hayaƙin mota ya dame su, gwamnatoci suka fara kafa dokoki, kafireto kuma ba ya iya auna mai daidai yadda dokar ke so. A 1967 Bosch ya fito da tsarin fesa mai da na'urar lantarki ke sarrafawa, aka fara sa shi a Volkswagen 1600. A 1979 ya haɗa mai da tartsatsi a ƙarƙashin kwamfuta guda, tsarin Motronic, a motar BMW. A farkon shekarun 1990 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta sa dole sabuwar motar fetur ta zo da matatar hayaƙi a salansa, wannan kuwa ya kashe kafireto a can. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da soket ɗin da ake jona kwamfuta a karanta ciwonta, Turai ta bi sahu a 2001. Wajen 1998 kuma ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta makulli mai lamba, wanda in ƙwaƙwalwar mota ba ta gane shi ba ba za ta tashi ba.

To ta yaya waɗannan motoci suka iso Illela? Ta aljihunmu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci balle direban tasha. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai. Yarbawa suka ce tokumbo, wasu suka ce Beljiyam, mu muka ce 'yar Kwatano, domin ta tashar jirgin ruwan Kwatano mafi yawansu ke sauka. Da yawa a takarda Nijar za su, sai su hau arewa ta Gaya, su biyo babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Maraɗi, daga nan su gangaro kudu. Ƙonni da Illela suka zama ɗaya daga cikin ƙofofin wannan ciniki. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. An rufe iyakar gaba ɗaya a Agusta 2019, aka buɗe Illela a Disamba 2020 tare da Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kowace rufewa direba da mai sayar da kayan gyara ne ke fara ji a jika. Amma kafin duk wannan, tasha ta riga ta canza fuska. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, da 406 ta 1995, da Toyota iri-iri, sun maye gurbin 504.

Ka ɗaga bonet ɗin irin waɗannan ka gani. Akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga, da mai auna zafin ruwa, da mai lura da juyawar inji, da mai shinshinar hayaƙi a salansa. Kowacce da soket ɗinta, kowacce na aika wa ƙwaƙwalwa saƙo da 'yar ƙaramar wuta, bolt 5 ko ƙasa da haka. Wutar da ba ta kai ta tocila ba. Tsatsa kaɗan a haƙorin soket ta isa ta canza saƙon, ƙwaƙwalwa ta auna mai ba daidai ba. A motoci da yawa kuma babu distiributa, kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai, cikin rami mai zurfi. In ruwa ya shiga wannan rami rana ba ta ganinsa. Inji ya riƙa tsallake wuta, ɗanyen fetur ya wuce salansa ya ƙone matatar hayaƙi, wadda ita ma kuɗi ce. In kuwa ƙwaƙwalwar ce ta mutu, ba saye kawai za ka yi ka jona ba, sau da yawa sai an nemo mai kwamfuta ya daidaita ta da makulli.

Masu ƙira ba wawaye ba ne, sun sa robobi a soket don ruwan sama da fantsamar hanya. Amma motar da ta shekara ashirin, ta sha sanyin Turai sannan ta zo ta sha ranar Sakkwato, robar ta bushe ta tsage. Ga wayoyin da aka yanke aka ɗaure da salatif a garejoji daban-daban.

Ɗaya ɓangaren tarihin shi ne abin wankin. A 1950 wani Bajamushe, Alfred Kärcher, ya ƙera injin feshin ruwan zafi mai ƙarfi na farko a Turai. A hankali irinsa masu araha suka cika kasuwa, har suka zo mana, yau kusan duk wajen wankin mota akwai shi. Ku kwatanta. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce 30 zuwa 35 a geji. Injin feshi na fitar da ruwa da ƙarfin da ya haura 1,000 a wannan ma'auni, wasu sun ninka haka. Wato a daidai lokacin da inji ya zama mai laushin ciki, a lokacin muka ajiye gwangwani muka ɗauki abin da ke cusa ruwa ta bayan roba. Omo kuma na ƙara wa ruwa saurin kutsawa, gishirin da ke cikinsa na sa wuta ta bi ruwan, tsatsa ta yi sauri. Shi ya sa ɓarnar yanzu ba ta bayyana ranar wanki. Sai bayan makonni, lokacin da ba wanda zai tuna da wankin. Yaron wanki ma ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa yake yi, mai mota kuma shi ya ce a wanke.

To mene ne abin yi? Na zauna da masu wayarin, na haɗa da abin da hankali zai ɗauka in an fahimci tarihin nan.

Kar a wanke inji da zafi. Ruwan cikinsa kaɗai yana kai digiri 90, bakin salansa kuwa ɗaruruwa. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi, tururi kuma na shiga inda ruwa ba zai shiga ba. A bari sai ka iya ɗora hannu ka bar shi.

A fara da busasshen wanki. Mafi yawan dattinmu ƙura ce, ƙura kuwa iska ke fitar da ita. Ka je wajen mai faci ya hura maka, a bi da buroshin fenti da tsumma. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa.

In dole sai an sa ruwa, a kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir na nagatif tukuna, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. A sani cewa wasu motoci rediyonsu zai nemi lamba bayan haka. A rufe altaneta, akwatin fis, ƙwaƙwalwa in tana cikin bonet, koyil ko distiributa, da bakin shan iska, da leda a ɗaure. Bakin shan iskar nan a kula da shi sosai, don ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda da yawa, yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin, inji ya tashi daga aiki. Masu Golf 3 su tuna ƙwaƙwalwarsu na ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwan sama ke gangarawa, in ramukan wajen suka toshe da datti ruwa zai kwanta mata.

Maganin cire mai a shafa shi inda man yake kawai, a goge da buroshi. Ban da fetur. Na san an saba, amma tururinsa tartsatsi ɗaya yake jira, kuma yana busar da roba. Wajen ɗauraya a koma wa gwangwanin kawu, ko tiyo mai sanyin zuba, kar a auna soket, kar a auna fambel. Lagireto ma feshi mai ƙarfi na lanƙwasa siraran fukafukansa.

Bayan nan a sake hurawa da iska, musamman ramukan fulogi da bayan soket. A cire ledoji duka, a ƙirga su, kar a manta ɗaya ta narke. A bar bonet a buɗe, ranarmu kyauta ce. Sannan a jona batir, a tayar, a bar ta ta yi zafi minti 15 ko 20. In tana kakkarwa kar a ce zai bushe a hau hanya, a kashe a duba. Masu mota mai haɗin batir da fetur kuma, duk wayar da kuka gani ruwan lemo, wuta ce mai kisa, wannan aikin masana ne.

Ƙarin shawara ga mai sayen mota: in ka ga inji ya sha wanki yana ƙyalli, kar ya burge ka. Wanki na goge shaidar yoyo. Ka sa a tayar, a zaga da ita, ka sake dubawa.

Na koma wa kawu da duk wannan bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Ashe ledar da nike ɗaurawa ita ce ilimin." Na ce ita ce, kawu, sai dai a zamaninku wuri ɗaya ake ɗaura ta, yanzu wuraren sun kai goma. Ɗansa kuwa tun daga ranar, in ya kai wanki, da kansa yake tsayawa, bonet a rufe. Inji sai ranar da ba shi da lodi, shi da buroshi da mai faci.

A nan za mu dakata. In akwai bakanike ko mai wayarin a cikinku, musamman na Illela da Ƙonni, ku faɗa mana sunayen da kuke kiran waɗannan kaya a garejinku, da abin da kuka fi gani bayan an wanke inji. Ku tura wa direban gidanku ya karanta kafin Sallah mai zuwa. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa a sauka lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.